Daga Dalma Zuwa Kwamfuta a Maɗaba'unmu

Da dalma aikin ɗab'i ya girma a Arewa. Tun da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, a 1945, mai haɗa haruffa shi ne ƙashin bayan maɗaba'a. Injin Linotype, wanda ya fara aiki a Amurka a 1886, narkakkiyar dalma yake zubawa ta fito layi guda cur, kuma harafi ɗaya in ya ɓaci sai an sake zuba layin gaba ɗaya. Mu da muka koyi sana'ar a hannun mutanen wancan zamani mun ga yadda suke karanta rubutu a juye, su tsamo kuskure tun ba a shafa tawada ba.

Sai kwamfuta ta zo: manhajar PageMaker ta fito a 1985, CorelDRAW a 1989, amma sai a shekarun 1990 suka zauna da gindinsu a wurarenmu. Labari ya riga su isowa: a 1986 Rupert Murdoch ya kwashe buga jaridunsa zuwa Wapping a Landan don aiki da kwamfuta, ma'aikata kusan 6,000 suka rasa aiki. Don haka wanda ya tsorata yana da hujja.

Sai dai har yau ina jin zafi in an ce dattawan nan ƙin ci gaba suka yi. Babban ƙorafinsu shi ne na'urar ba ta iya Hausa ba. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Za a fitar da shafi a kan takarda mai shara-shara, sai maigidana ya ɗauki alƙalami mai siririn baki, ya bi layi-layi yana sa wa haruffa lanƙwasa da hannu kafin a ƙona faranti. Yana yi yana cewa, "Yaro, wannan abin naku sauri gare shi, amma baƙi da baki duk ɗaya ne a wurinsa." Masu gaggawa ba su tsaya wannan wahala ba, shi ya sa littattafan kasuwar Kano da yawa suka fito babu lanƙwasa.

Da haruffan Hausa na kwamfuta suka samu, irin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsara, daga baya Unicode ta yaɗu, yawancin masu gardamar da kansu suka jawo kujera. Ganin ana gyara kuskure nan take ya isa.

Abin da ya rage halin masu maɗaba'a ne. Inda aka zaunar da dattijo kusa da yaro mai saurin yatsu, aiki ya yi kyau, kowa ya ƙaru. Inda aka sallame shi don yaron ya fi araha, ƙa'idar rubutu ta bi shi gida.

Yanzu ga injin da ke fitar da faranti kai tsaye daga kwamfuta, masu aikin fim ɗin ƙona faranti su ne a bakin ƙofa. Masu maɗaba'a, don Allah ku koya musu kafin ku sauke injin daga mota.