Gero da Tsingaro: Darasi daga Gidan Adana Kayan Tarihi na Jos

Duk wanda ya ziyarci Gidan Adana Kayan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne kawunan yumɓun nan na Nok, masu huda a ido da hanci da baki. Daga nan sai ya zarce zuwa gidan namun daji da ke kusa. A wannan maƙala muna so mu nuna cewa wanda ya tsaya kan kawunan kaɗai, rabin labari ya gani.

Ma'aikatan haƙar kuza ne suka fara tono irin waɗannan kayayyaki a 1928, kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. Tun da yake kuza suke nema, ba a cika lura da abin da ke kewaye da kowane abu da aka tono ba. Saboda haka aka sami surar mutanen, amma ba a san yadda suka rayu ba.

Binciken tsanaki ne ya fara cike wannan giɓi. A shekarun 1960 Fagg ya tono murahun narkar da tama a Taruga. Tun daga 2005 kuma, masana daga Jami'ar Frankfurt tare da takwarorinsu na Nijeriya suka yi ta tace ƙasar kufai. A ciki suka sami ƙonannun ƙwayoyin gero da wake da ƙwallon atile. A 2021 aka bayyana cewa akwai ɓurɓushin kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu. Watau dai mutanen Nok manoma ne, waɗanda suka zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ƙarnuka kafin su fara ƙera kawunan.

Abin takaici shi ne, masu haƙar sata sun lalata kufai masu yawa don sayar da kawuna a ƙasashen waje. Kan da aka sace ana iya maido da shi wata rana, amma ƙasar da aka birkice ba ta sake ba da shaida. Don haka idan muka kai ɗalibanmu Jos, ya kamata mu tsayar da su gaban tsingaro da dutsen niƙa, mu tambaye su abin da masu kawunan nan suke ci, da yadda aka yi muka sani.