Wuƙar aljihu a yankin Kadawa: Kayan aikin manomi da doka ke iya kira makami

Wuƙar aljihu ita ce 'yar ƙaramar wuƙar da mutum ke yawo da ita a jikinsa domin hidimar yau da kullum. Iri biyu ce: akwai mai naɗewa, wadda ruwanta, wato ƙarfen da ke yanka, yake komawa cikin ƙota idan an gama aiki, akwai kuma miƙaƙƙiya wadda ake zurawa cikin kube. A yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, tana cikin kayan da manomi da ɗan ƙwadago da dillali ba su cika rabuwa da su ba. Sai dai wuƙar da ba wanda zai kalla sau biyu a bakin gona tana iya kwanar da mai ita a ofishin 'yan sanda idan aka laluba aljihunsa a cikin birnin Kano, tafiyar da ba ta kai ta awa guda ba a mota.

Aikinta a gonar rani

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako, noma a wannan yanki ya daina jiran damina. Ruwan da ke gangarowa ta manyan magudanai, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, shi ya mayar da Kadawa da kewayenta matattarar shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ƙarfen da ya dace da shi. Lauje ke yankan shinkafa, fartanya ke noma, adda ke sara. Abin da ya rage wa wuƙar aljihu shi ne tarin ƙananan ayyukan da ba a lissafa su, amma idan babu ita sai aiki ya tsaya.

Da ita ake farke bakin buhun taki, a yanke igiyar ɗaure kwandon tumatir, a datse ganyen albasa bayan an cire ta. Mai injin ban-ruwa kuwa ya fi kowa sanin darajarta, domin tiyo ba ya rabo da fashewa: sai an yanke wurin da ya tsage, an tsaga roba siri-siri daga tsohon tif na taya, sannan a ɗaɗɗaure mahaɗar. Da rana ta take, ita ce dai za ta fere rake ko ta tsaga kankana.

Babban lokacinta shi ne kakar tumatir, daga wajen Janairu zuwa Afrilu. Idan kaya ya yi yawa a kasuwar Kwanar Gafan, farashi ya faɗi, manomi ba shi da wata mafita sai ya mayar da tumatirinsa kauɗa. Nan ake ganin mata da yara da matasa sun zauna suna tsaga shi gida biyu suna shanyawa, kwando bayan kwando. Masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 an yi fatan za ta rage wannan asara, amma ta sha rufewa da buɗewa. Kafin ta da bayanta, abin da ke tsakanin manomi da ruɓewar amfaninsa bai wuce 'yar wuƙa da zafin rana ba.

Makiyayi yana da nasa dalilin daban. Dabbar da ta faɗi a daji, idan ba a yi maza an yanka ta ba, ta zama mushe, an yi asarar nama da kuɗi gaba ɗaya. Wannan ne ya sa rataya wuƙa ya zame wa mai kiwo kamar riƙe sanda.

Ta maƙera da ta kanti

Wuƙar gida ta girmi ta kanti nesa ba kusa ba. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin kafuwar Kano kansa yana danganta ta da maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama. Masanin Hausa Philip Jaggar ya wallafa littafi sukutum a kan maƙeran birnin Kano a 1994. Yau maƙeri ba ya haƙar tama. Tsohon ƙarfe yake saye, kuma sifirin mota na cikin waɗanda ya fi so, saboda yana da tauri yana kuma riƙe kaifi. Zai zuga wuta har ƙarfen ya yi ja, ya buge shi a kan uwar maƙera, ya fitar da siffa, ya tsoma shi cikin ruwa ko baƙin mai don ya taurara, sannan ya bi bakin da magagari. Ƙotar ta itace ce ko ƙaho, kuben kuma aikin dukawa ne. Irin wannan wuƙa ba ta naɗewa, kuma wannan ne ƙarfinta: ba ta da gaɓar da za ta saki.

Mai naɗewa baƙuwa ce, fataucin zamanin mulkin mallaka ya yaɗa ta a Afirka. Okapi, wadda aka fara ƙerawa a garin Solingen na Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, ta koma hannun masu ƙira a Afirka ta Kudu a 1988. Ana gane ta da zoben da ake ja kafin ta rufu. A ƙasashen da Faransa ta mulka kuwa, Douk-Douk ce ta yi suna, wadda kamfanin Cognet ke yi a garin Thiers tun 1929. Opinel, ita ma ta Faransa, ta samo asali a 1890, kuma a 1955 aka ƙara mata zoben da ke kulle ruwanta. Sai jar wuƙar nan ta sojan Suwizalan mai ɗauke da almakashi da abin kwance noti, wadda kamfanin Victorinox ya shahara da ita.

Mafi yawan waɗanda ake gani yau a faifan 'yan koli ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Daga Sin suke zuwa, inda birnin Yangjiang ya zama cibiyar ƙera wuƙaƙe, kuma wasunsu kwaikwayon waɗancan ne har da tambari. Arha ce ke sayar da su. Abin dubawa ga mai saye ba ƙyallin ba ne, gaɓar ce: a buɗe wuƙar, a girgiza ruwanta hagu da dama. In yana rawa tun tana sabuwa, ranar da aka danna ta a kan tiyo mai tauri za ta iya rufewa a kan yatsu.

Batun ƙarfe shi ma yana da sauƙin fahimta. Baƙin ƙarfe irin na maƙera yana saurin ɗaukar kaifi a kan dutse, amma yana tsatsa, kuma ruwan tumatir da na albasa suna dusashe shi cikin yini guda idan ba a goge ba. Farin ƙarfe, wanda aka gauraya da sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin 100, ba ya saurin tsatsa, sai dai na arha daga cikinsa yana dakushewa da wuri. Ga mai aiki cikin laka da ruwa, kulawar ba ta wuce a wanke, a busar, a shafa ɗan man gyaɗa ba. Dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi jawo rauni, domin sai an danna ta da ƙarfi, daga nan kuma take zamewa.

Hatsarin da ba a cika magana a kai ba

Wuƙa ɗaya ce ke ɓalle murfin kwalbar maganin feshi da safe, ta fere rake da azahar. Gogewa a jikin riga ba ya kawar da guba. Sai ruwa da sabulu, in da hali ma a ware wa magani tasa wuƙar. Rauni a gona, inda ƙasa ta cakuɗu da takin dabbobi, ƙofa ce ga cutar sarƙewar haƙora, wadda ke da allurar rigakafi. Aron wuƙa ko reza don yanke farce ko tsaga ƙurji kuwa na cikin hanyoyin da ciwon hanta ke bi ta jini daga wani zuwa wani.

Masu tarawa

A Amurka da Turai tara wuƙaƙen aljihu sha'awa ce mai zaman kanta, da mujallunta da kasuwarta. A birnin Atlanta ana yin babban baje kolin wuƙaƙe duk shekara, inda ake sayen wuƙar da ba za ta taɓa yanka ko zare ba. A ƙasar Hausa tarawa ba ta bi wannan hanya ba. Sana'a ta bi, da gado, da sarauta.

Mahauci yana da jerin nasa, ta yanka daban, ta fiɗa daban, ta yanyana nama daban, kuma ba ya son wani ya taɓa masa su. Wanzami yana da askakensa cikin zabira. Mafarauta da 'yan tauri suna adana wuƙaƙen da suka gada, wasu da layu ɗinke a jikin kube. A can sama kuma akwai na fada. Labarin Bayajida ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. A Katsina, Gajere, takobin da ake dangantawa da Korau, na cikin kayan sarauta har gobe. Harshen ma ya riƙe wannan daraja: wanda aka sakar wa cikakken iko, an ba shi wuƙa da nama ke nan.

Mai sha'awar gani da saye, kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, tana da wuƙaƙe masu kuben fata da aka yi wa ado, har da irin ta Buzaye da ake ɗaurawa a hannu. Gidan Makama kuma yana da makaman yaƙin da. Wadda ba ta da mai adana ta ita ce wuƙar talaka, wadda maƙerin ƙauye ya buga wa manomi. Ita aiki ke cinye ta: a wasa, a wasa, har ta zama siririya kamar tsinke, a jefar. Duk wanda ya tashi tara wuƙaƙe a wannan yanki, da ita ya kamata ya fara, ya rubuta sunan garin da aka ƙera ta da aikin da ta yi, domin ita ce ta kanti ke kora daga kasuwa.

Inda doka ta shigo

A Ingila an yanke magana da ma'auni. Dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai naɗewa wadda ba ta kullewa, muddin kaifinta bai wuce inci 3 ba. Abin da ya haura haka sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Dokar Fashi da Makami ta Najeriya, wadda ta samo asali daga dokar soja ta 1984, ba ta bi ta kan tsawo ba. A wurinta makami shi ne duk abin da aka ƙera ko aka sauya domin raunata mutum, ko wanda mai riƙe da shi ya yi nufin amfani da shi haka, kuma ta ambaci adda da mashi da kwari da baka, har da guntun itace ko ƙarfe ko dutse. Ma'ana, nufi da yanayi ke mayar da kayan aiki makami. Bambancin kuma ba ƙarami ba ne: fashi ba da makami ba hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba, da makami kuwa kisa ne.

Wannan ya ƙara nauyi a Kano saboda faɗan daba da ƙwacen waya, waɗanda wuƙa ce babban makaminsu. A watan Mayun 2023 majalisar tsaro ta jihar ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami, kuma rundunar 'yan sanda ta sha baje kolin wuƙaƙe da adduna da ta ce ta ƙwace a samame. Mutanen da aka kashe a kan waya ba ƙage ba ne, kuma ba wanda zai zargi jami'in tsaro don ya tsananta bincike. Amma ma'aunin da ya dogara ga nufi yana barin hukuncin farko a hannun wanda ya laluba aljihu. Dattijo mai rawani da 'yar wuƙar yanka goro zai wuce. Matashi ɗan ƙwadago da ya taso daga Bunkure da laka a ƙafa, irin wuƙar a aljihunsa, shi ne zai sha tambaya. Haka ma wanda ya tara wuƙaƙe goma a ɗakinsa don sha'awa: ranar samame, bayaninsa ne kaɗai zai raba su da tarin makamai, shi ya sa rasiɗin saye da ajiye su a kulle suke da amfani.

Akwai wuraren da babu wani uzuri. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana riƙe makami a rumfar zaɓe ko cikin mita 300 daga gare ta a ranar zaɓe, ta kuma hana shi a gangamin siyasa. Kotuna da bankuna suna bincike a ƙofa. Tun kafin waɗannan, hadisi ya umurci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. A filin jirgi kuwa, har da na Malam Aminu Kano, wuƙa ba ta shiga jakar hannu, sai cikin kayan da ake aunawa, abin da maniyyata daga karkara ke yawan mantawa. Wannan ƙa'ida ta tsananta ne bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka, kuma ta taɓa cinikin Victorinox sosai. A 2024 kamfanin ya sanar cewa yana shirin fitar da wani samfurin kayan aljihunsa wanda babu wuƙa a cikinsa ko kaɗan.