Garka a gidan tarihi: darasi daga Pari da Yamai

Wannan takarda tana duban matsayin garka a gidajen tarihi biyu. A ganinmu, tsarin filin waje yana bayyana yadda waɗanda suka kafa gidan suka fahimci tarihi.

Émile Guimet, attajirin masana'anta, ya ziyarci Japan a 1876. Ya buɗe gidan kayan da ya tara a birnin Liyon a 1879, sa'an nan aka mayar da shi Pari a 1889. Gumakan Buda da ke ciki an raba su da wuraren ibadarsu. Sai a 1991 aka buɗe garka irin ta Japan a wani reshen gidan, aka ƙara ɗakin shan shayi a 2001. Ke nan an yi garkar ne domin a mayar wa kayan wani abu na muhallin da suka rasa.

A Yamai lamarin dabam yake. Gidan tarihi na ƙasa, wanda Boubou Hama da Pablo Toucet suka kafa a 1959, tun farko fili ne mai itatuwa, ɗakunan nuni a warwatse cikinsa. Akwai namun daji, da gidajen gargajiya na al'ummomin Nijar, da maƙera da masaƙa da dukawa masu aiki a gaban baƙi. Nan aka kawo itacen Tenere bayan faɗuwarsa a 1973.

Amma wannan tsari yana da tasa matsalar. Manomin Kurni, a yankin Matamaye, in ya shiga zai tarar da irin ɗakin da yake kwana ciki, an jera shi da sunan ƙabila. Baƙo kuwa sai ya ɗauka rayuwar karkara ba ta taɓa sakewa ba. Alhali ita kanta garka tana da tarihi: bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa noman rani, abin da ya ƙara wa fadamu daraja, har da na Korama inda ake noman rake.

Saboda haka muna ba ɗalibai shawara su tattara bayanin baka daga tsofaffin Kurni da kewaye: wa ya fara haƙa rijiyar garka, yaushe, kuma da izinin wa? Masu wannan sani suna ƙarewa, rubutaccen bayani kuwa kaɗan ne.