Yadda Ake Harhaɗa Ƙaramin Samfurin Jirgin Ruwa Mai Filafilai da Katako

Daga cikin sana'o'in hannu da suka daɗe a ƙasashen Turai da Amurka akwai haɗa ƙaramin samfurin jirgin ruwa mai filafilai, irin jiragen da iska ke turawa a teku kafin zuwan inji. Hanyoyin yinsa suna da yawa, amma wadda masana suka fi girmamawa ita ce ta jera falankai a kan haƙarƙari. A wannan hanya, mai aikin yana bin matakan da maƙeran jirgin gaske suka bi: ya shimfiɗa ƙashin bayan jirgi, ya kafa haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya lulluɓe su da siraran falankai. Wannan ne ya sa idan samfurin ya kammalu yakan zama shaida a kan yadda aka gina jirgin na asali.

Asalin sana'ar

Tun zamanin Fir'aunonin Masar ake sassaƙa ƙananan jiragen katako ana binne su tare da manyan mutane. A shekarar 1920 an gano irinsu a kabarin wani babban jami'i mai suna Meketre kusa da Luksor, shekarunsu kusan 4,000. Sai dai galibin waɗannan daga dunƙulen itace aka sassaƙo su.

Salon haƙarƙari ya bunƙasa ne a Ingila daga tsakiyar ƙarni na 17, lokacin da masu aiki a wuraren ƙera jiragen yaƙi na sarauta suka riƙa yin samfura masu tsananin kyau. Sukan bar ƙasan jirgin babu falankai domin mai kallo ya ga siffar cikinsa, duk da cewa jerin haƙarƙarin da ke jikin waɗannan samfura an sauƙaƙa shi, bai yi daidai da na jirgin gaske ba. Da yawa daga cikinsu suna nan a gidan adana kayan tarihin teku da ke Girinic a Landan, da kuma gidan tarihin makarantar horar da hafsoshin sojan ruwan Amurka da ke Anafolis. Masu binciken tarihi suna dogara da su ƙwarai, musamman a kan jiragen da zanensu ya ɓata.

A lokacin yaƙe-yaƙen da aka gwabza tsakanin Faransa da Birtaniya daga 1793 zuwa 1815, fursunonin yaƙi Faransawa da ke tsare a Ingila sun shahara da yin samfuran jirage da ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sayarwa domin samun abin kashewa. A ƙarni na 20 kuwa, littattafan Harold Underhill da na Nepean Longridge ne suka buɗe wa talakan mai sha'awa ƙofar wannan aiki. Littafin Longridge na 1955 ya bayyana dalla-dalla yadda ya haɗa samfurin Victory, jirgin da Admiral Nelson ya jagoranci yaƙin Tirafalga a cikinsa a 1805.

Ma'auni da zane

Matakin farko shi ne zaɓen ma'auni. Wanda aka gada daga maƙeran Ingila shi ne 1:48, wato kowane inci ɗaya a jikin samfuri yana wakiltar ƙafa 4 a jirgin gaske. Daɓen igwa na jirgin Victory, mai tsawon ƙafa 186, yakan koma kimanin santimita 118 a wannan ma'auni. Falankin da kaurinsa ya kai santimita 10 ya koma milimita 2, mutum kuma bai wuce santimita 3 da rabi ba. Masu ƙarancin wuri sukan zaɓi 1:64 ko 1:96.

Zanen jirgi kashi uku ne: yadda yake idan an dube shi ta gefe, ta sama, da kuma ta gaba da baya. Daga waɗannan ukun ake fitar da siffar kowane haƙarƙari, domin babu biyu da suke daidai da juna sai 'yan kaɗan a tsakiyar jirgi. Kuskuren milimita ɗaya a takarda yakan bi aikin har ƙarshensa.

Itace da kayan aiki

Jiragen yaƙin Ingila da itacen ok aka gina su. An ƙiyasta cewa Victory kaɗai ya ci bishiyoyi kusan 6,000. Amma itacen ok bai dace da samfuri ba, saboda zanen jikinsa manya ne, idan aka ƙanƙanta shi sai ya tona asirin ma'auni. Masu sana'ar sun fi son itace mai laushin fuska da matsattsen jiki, irin su bokswud da itacen fiya na Turai da ceri. A cikin kwalayen kayan haɗi da kamfanonin Turai ke sayarwa akan samu katakon Afirka ta Yamma, kamar obece da safele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin zarto, wuƙa mai kaifi, magagari, sanfefa, hantsaki, 'yan matsai, siririn abin huda da gam na katako. Abin da ya fi muhimmanci shi ne katakon ya bushe sarai kafin a taɓa shi.

Ƙashin baya da haƙarƙari

Ana fara aiki a kan shimfiɗaɗɗen allo wanda bai karkace ba, a zana layin tsakiya a kansa. A bisa layin ake kafa ƙashin baya, a haɗa masa itacen goshi a gaba da itacen ƙeya a baya. A gefensa akan fafe wata siririyar kwari inda bakin falankin farko zai zauna.

Kowane haƙarƙari daga guntaye da dama ake haɗa shi, kamar yadda ake yi a jirgin gaske, saboda idan aka yanko lanƙwasasshen abu daga falanki guda, zai karye a inda ya gicciye jijiyar itacen. Akan haɗa su bibbiyu, a tabbatar mahaɗar wannan ba ta yi daidai da ta wancan ba. Babban jirgi yakan buƙaci ɗaruruwan irin waɗannan guntaye. A goshi da ƙeya, haƙarƙarin sukan karkata, kuma nan ne wurin da ya fi ba masu koyo wuya. Wani Ba'amurke mai suna Harold Hahn ya yaɗa dabarar gina jirgin a kife, a soke kawunan haƙarƙarin cikin allo mai tsagi domin kada su motsa.

Idan an gama kafawa sai a goge su gaba ɗaya, ciki da waje, ana ɗora siririn katako a kansu ana dubawa. Duk haƙarƙarin da ya yi tudu ko ya yi kwari, a nan ake gyara shi, domin falanki ba ya ɓoye aibin abin da ke ƙarƙashinsa.

A nan ne wannan hanya ta bambanta da wadda ta fi yawa a kasuwa, inda ake kafa 'yan faifan katako a tsaitsaye a maimakon haƙarƙari. Waccan ta fi sauri, amma dole a rufe cikinta duka.

Jera falankai

Wannan shi ne zuciyar aikin. Cikin jirgi ya fi faɗi a tsakiya, ya tsuke a gaba da baya, alhali yawan layukan falankai kusan ɗaya ne. Don haka kowane falanki sai an rage faɗinsa a hankali zuwa bakinsa. Mai aikin yakan raba jikin jirgin gida uku ko huɗu da zare, ya auna kowane haƙarƙari da tsinken takarda, ya raba tsawon da yawan falankan da za su hau. Ƙa'idar da aka gada ita ce kada bakin falanki ya yi tsini, kuma kada ya gaza rabin faɗinsa na asali. Inda wuri ya tsuke sai a haɗe layi biyu su koma ɗaya, inda ya buɗe kuma, kamar wajen ƙeya, a cusa ƙarin guntu.

Ana fara ɗora kakkauran falankan ɗamara da ke zagaye gefen jirgi, sannan wanda ke manne da ƙashin baya. Kafin a lanƙwasa falanki akan jiƙa shi ko a turara shi, a gasa shi da zafi har ya ɗauki siffa, a bari ya bushe kafin a sa gam. Wanda aka danna da ƙarfi yakan ɗago bayan watanni. Kuma ana sa ɗaya a dama, ɗaya a hagu, domin idan aka cika gefe guda, katakon zai ja ƙashin baya ya murɗe.

Jiragen da da ƙusoshin itace ake kafe falankansu. A samfuri akan yi su da gora, a tsaga ta a riƙa jan ta ta cikin ramukan farantin ƙarfe har kaurinta ya gaza milimita ɗaya. Jirgi guda yakan ci dubbai.

Jigajigai da igiyoyi

Bayan daɓe da igwogi da ado, sai jigajigan da ke riƙe filafilai. Igiyoyin kashi biyu ne. Masu tallafe jigo ba sa motsi, kuma a jirgin gaske kwalta ake shafa musu, shi ya sa ake yinsu da zare mai duhu. Masu ɗaga filafilai da juya su kuwa akan bar su da launin zare na asali. Victory yana iya ɗaukar filafilai 37, igiyoyinsa kuma sun kai kimanin kilomita 42. Akan ja zaren a cikin kakin zuma domin gashinsa ya kwanta, a fara ɗauri daga ciki zuwa waje, daga ƙasa zuwa sama, saboda hannu ba ya sake isa wurin da igiyoyi suka rufe. Da yawa daga masu sana'ar ba sa sa filafilai ko kaɗan, domin da wuya a sami ƙyallen da rashin kaurinsa zai dace da ma'auni.

Lokaci da adanawa

Ƙaramin jirgi mai jigo ɗaya yakan ɗauki watanni, babban jirgin yaƙi kuwa shekaru. Shi ya sa ƙwararru ke ba mai koyo shawarar ya fara da ƙaramin kwale-kwale kafin ya tunkari mai hawa uku, gama da rarrafe yaro kan tashi.

Samfurin da ya kammalu yana buƙatar akwatin gilashi, nesa da hasken rana. Ƙura tana cin zare, laima tana saki gam, busasshiyar iska irin ta hunturu kuma tana tsaga katako ta buɗe tsakanin falankai. Wanda ya sami kulawa yakan daɗe ƙwarai: wasu samfuran da ke Girinic sun haura shekara 300, alhali jiragen da aka kwaikwaya sun nutse ko an wargaza su tun tuni.