Rigimar Milimita Biyu: Tarihin Ƙananan Jiragen Ƙasa na Ingila

Yau kam ba labarin soyayya na zo da shi ba, tarihin wata 'yar sana'ar sha'awa ce da ta daɗe tana cinye mini dare, wato ƙera ƙananan taragon jirgin ƙasa na kwaikwayo.

Na shafe makonni ina haɗa wani tarago irin na Ingila. Na yanka tagogi, na jera kujeru, na shafa fenti. Ranar da na ɗora shi a kan dogo na duƙa na dube shi ta gaba, sai gabana ya faɗi. Ƙafafunsa sun shige ciki, kamar ƙato ya tsaya a kan siraran ƙafafu. Na ɗauka ni na yi kuskure, ashe kuskuren ya girme ni.

Ga yadda abin yake. A 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya fito da tsayayyen ma'auni na faɗin dogon jiragen wasa. Da aka shiga shekarun 1920 sai aka nemi jirgin da zai zauna a kan tebur, aka rage faɗin dogon, har ya tsaya a milimita 16.5. Wannan faɗi ya dace da ma'aunin HO, inda ake rage komai sau 87.

To amma jiragen Ingila na gaske sun fi na Amurka da Jamus ƙanƙanta, injin lantarki na wancan zamani kuwa ƙato ne, ya ƙi shiga cikin kan jirgin. Sai maƙeran Ingila suka yi dabara: suka ƙara girman jiki zuwa ragin sau 76, suka bar dogon yadda yake. Shi ne ake kira OO. Da kamfanin Meccano na Liverpool ya fito da Hornby Dublo a 1938, sai dabarar ta zauna daram.

Yi lissafi da kanka, mai karatu. Faɗin dogon Ingila milimita 1,435 ne. In ka rage shi sau 76.2, kusan 18.83 za ka samu. Ke nan an ci fiye da milimita biyu.

Wasu suka ce ba su yarda ba. Suka koma shimfiɗa dogonsu da hannu, wanda ake kira EM, mai faɗin 18.2. A shekarun 1960 wasu suka ce wannan ma da saura, suka kafa P4 mai 18.83 cif. Injina sun daɗe da ƙanƙancewa, amma har yau OO ne ya mamaye kasuwar Ingila, domin wa zai zubar da dogon da ya gada?

Ni dai na cire ƙafafun taragona, na sa na 18.83. Yanzu ba ya hawa dogon kowa sai guntun da na shimfiɗa da hannuna, wanda bai kai kamu uku ba. Amma in na duƙa na dube shi, raina fari tas.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Allah Ya sa mu dace.