Kujerar jirgi da kuɗin talaka: mu waiwayi tarihi

Jama'a, duk lokacin da na ji wata jiha a Arewa ta gina filin jirgin sama, sannan ta koma tana lallashin kamfani da kuɗin gwamnati don ya riƙa sauka, sai in ce mu duba baya tukuna.

A 1958 aka kafa Nigeria Airways. Yana zuwa Kano, Kaduna, Sakkwato, Maiduguri, Yola da Jos, ko da riba ko babu, gwamnati na cike giɓi. Gaskiya an amfana, musamman alhazai da ma'aikata. Amma bashi da almundahana suka cinye shi, ya durƙushe a 2003 zamanin Obasanjo, ma'aikatansa suka shafe fiye da shekara goma suna bin haƙƙinsu.

'Yan kasuwarmu ma sun gwada. Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo ya kafa Kabo Air a Kano a 1980, marigayi Alhaji Ahmadu Chanchangi ya kafa nasa a nan Kaduna a 1994. Chanchangi hanyoyi masu fasinja yake bi, Kaduna, Abuja, Legas, amma duk da haka yau ina yake? To idan hanya mai jama'a ta gagara, ina ga wadda jirgi zai tashi rabinsa wayam?

Ku tuna Maris na 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida aka karkato jirage zuwa Kaduna. An kashe kuɗi an gyara filin, ya cika maƙil. Cikin manyan kamfanonin waje kuwa, Ethiopian ne ya yarda ya sauka. Ana buɗe Abuja, kowa ya watse. Gini ba ya kawo fasinja; kasuwanci da tsaro ke kawo shi.

Ba wai tallafin haramun ba ne. Amurka na biyan kamfanoni don su je ƙananan garuruwa tun 1978. Sai dai can kamfanoni gasa suke yi, kwangila na da wa'adi, kuma akwai iyakar abin da za a biya kan kowane fasinja. Mu fa? Wa ya taɓa ganin takardar yarjejeniyar?

A nan Unguwar Sanusi, mutum nawa ne a layinku ya hau jirgin sama bana? Yawancinmu Rigasa muke zuwa mu hau jirgin ƙasa, ko mu nufi tashar Kawo ko Mando. An cire wa talaka tallafin mai a Mayun 2023, ba daidai ba ne kuma a ɗauki kuɗinsa a saya wa manya kujera.

Matsayina ke nan: jihar da za ta biya, ta faɗi nawa ne, fasinja nawa, zuwa yaushe. In ba za ta iya ba, a zuba kuɗin a hanya, jirgin ƙasa da tsaronsu.

Me kuka gani? Allah Ya kyauta.