Waken Kalaba da Tarihin Maganin Hawan Jinin Ido

Hawan jinin ido cuta ce mai cinye jijiyar gani sannu a hankali, galibi saboda ruwan da ke cikin ƙwayar ido ya rasa mafita, har matsinsa ya yi yawa. An shafe ƙarnoni ana haɗa ta da yanar ido, kuma ko da Richard Banister na Ingila ya lura a 1622 cewa idon mai ciwon yakan yi tauri, ganewar ba ta zo da magani ba. Sai bayan da Helmholtz ya fito da madubin leƙa cikin ido a 1851 aka ga ramin da cutar ke yi a bakin jijiyar, sannan a 1857 Albrecht von Graefe, likita a birnin Balin, ya nuna cewa yanke ɗan ɓangare na zoben baƙin ido yana sauke matsin a nau'in da ke tasowa farat ɗaya.

Maganin ɗigawa na farko kuwa daga bakin tekun Najeriya ya samo asali. A Kalaba, mutanen Efik suna da wani wake mai dafi da ake ɗura wa wanda aka zarga da maita: in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu laifi ya tabbata. 'Yan mishan na Sikotlan, waɗanda ke yaƙi da al'adar, su ne suka aika da waken Edinbara, inda Thomas Fraser ya gano cewa ruwansa yana tsuke ƙofar hasken da ke tsakiyar ido. A 1876 Ludwig Laqueur na Sitirasbog, wanda shi kansa cutar ta kama, ya tabbatar cewa sinadarin eserin da aka tace daga waken yana rage matsin, domin tsukewar tana buɗe magudanar ruwan.

Daga baya ci gaba ya yi sauri: ma'aunin matsi na Schiøtz a 1905, tiyatar buɗe wa ruwa sabuwar hanya ta Cairns a 1968, sai maganin ɗigawa na timolol a 1978. Duk da haka, babu ɗayansu da ke dawo da ganin da ya riga ya tafi. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa, bayan yanar ido, wannan cuta ce ta fi makantar da 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama.